Sabar da ke ɗaukewa bayan azahar: nazarin wata matsala a ƙasar Gumel

A tsakiyar watan Afrilu shugaban wata cibiyar koyon kwamfuta da ke wani gari a ƙasar Gumel, ba nisa da iyakar Nijar, ya kira ni a waya. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, uwar ce ta sa mu a gaba. Da safe lafiya lau. Rana na take sai ta yi nauyi, can kuma sai ta ɗauke ɗif, ta sake tashi da kanta." Uwar da yake nufi ita ce saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin gwaji da amsoshin ɗalibai, wadda sauran kwamfutocin ɗakin ke jingine da ita.

Ƙungiyar 'yan asalin garin ce ta kafa cibiyar da kuɗin karo-karo. Tun da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaran ƙauye da yawa suna shiga ɗakin jarrabawa ba su taɓa ɗora hannu a kan madannai ba, sai tsoron na'urar ya cinye musu abin da suka karanta. Cibiyar na da kwamfutocin tafi-da-gidanka talatin, ana zama uku a rana, yara na zuwa daga ƙauyukan kewaye, wasu a keke, wasu a ƙasa. Idan saba ta ɗauke ana tsakiyar gwaji, duk amsoshin da ba a adana ba sun tafi, kuma sai ta yi kusan minti biyar kafin ta gama tashi. Yarinyar da ta yi tafiyar awa guda a cikin ranar Afrilu don ta gwada kanta, sai a ce mata ta sake daga farko. Wannan ne ya sa na ajiye aikin da ke gabana a Kano na kama hanya washegari.

Kafin a kira ni an yi magani biyu. Wani ya ce batir ne suka mutu, ƙungiya ta yi ta maza ta sayi sababbi huɗu. Wani ya ce cuta ce ta shiga kwamfutar, ya goge komai ya sake zuba manhaja. Babu abin da ya canza, sai dai kuɗin da suka tafi.

Ɗakin da na tarar

Sabar 'yar gwanjo ce, irin shimfiɗaɗɗiyar nan da ake jerawa hawa-hawa, mai furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi, da akwatunan wuta biyu masu karɓar wutar soket su ciyar da ita. An ajiye ta a kan tebur a wani ɗan ɗaki da ke kusurwar yamma ta ginin, rufin kwano ba silin. Tagar ɗaya ce, an toshe ta da kwali tun lokacin hunturu saboda ƙura. Inbata da batir huɗun suna cikin ɗakin su ma. Bayan sabar, inda iska mai zafi ke fita, bai fi taƙi ɗaya da bango ba. Na ɗora tafin hannuna a kan bangon daidai wurin, sai na ji shi kamar gefen tanda. Iskar da ta fito sai ta daki bango, ta kewayo ta saman akwatin, ta sake shiga ta gaba. Fankokin kuwa suna ta kuka kamar injin markaɗe.

A bayan akwatin, ɗaya daga cikin akwatunan wutan na nuna koriyar fitila, ɗayan ruwan goro. Na tambayi malamar da ke kula da ɗakin, ta ce, "Ai Malam, tun da aka kawo ta haka take." Na riƙe wannan a raina.

Abin da na fi nema shi ne wani rami guda a bayan sabar, mai kama da ramin wayar intanet amma yana zaune shi kaɗai a gefe. Da na same shi, zanzaro har ya fara gini a bakinsa. Ba a taɓa cusa waya a ciki ba.

Wannan rami shi ne ƙofar wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke zaune a kan babban allon sabar, wanda masu gyara ke kira madabod. Sunanta BMC, ni kuwa mai gadin allo nake ce mata idan ina yi wa mutane bayani. Ba ruwanta da manhajar da ke kan sabar. Tana da tata wutar ta jiran ko-ta-kwana, don haka ko an kashe saba, muddin wayar wuta na jone, idonta biyu. Aikinta ta riƙa zagaya ma'aunan da aka shuka a kan allon: zafin iskar da ke shiga, zafin wadda ke fita, zafin kowace furosesa da sandunan ram masu riƙe aikin da ake cikin yi, gudun kowace fanka, da ƙarfin wutar kowane layi. Duk abin da ya ƙetare iyaka sai ta rubuta a rajistarta. Kamfanin Dell na kiran tasa iDRAC, HP na kiran tasa iLO, amma harshen da aka fi yi musu magana da shi ɗaya ne, IPMI, wanda Intel da HP da NEC da Dell suka fito da shi a 1998. Da 'yar manhajar ipmitool a kan kwamfutata, sai in tambaye ta duk abin da ta gani.

Na kankare ginin zanzaro da tsinken tsintsiya, na jona waya. Kalmar sirrin da aka fito da ita daga masana'anta ce har yanzu a kai. Na canza ta nan take, domin wanda ya shiga ta wannan ƙofa yana iya kashe saba ya kunna daga nesa, kuma ba ƙofar da za a bari tana kallon intanet ba ce.

Rajistar ta cika maƙil, ta daina karɓar sabon rubutu. Ga ɗaruruwan layuka na ƙorafi, zafi ya wuce iyaka, fanka ta tsaya, akwatin wuta ɗaya ya daina aiki. Amma kwanan watan da ke jikinsu duk shirme ne, kusan kowanne na nuna rana ɗaya ta shekarun baya. Dalili na nan a jerin ma'aunai: ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogon allo, ya kamata ya nuna bolt 3, shi kuwa yana nuna 2.3. Kullum da dare ana kashe inbata don a tattala batir, sai agogo ya koma farko. Garin kuma ba intanet mai ɗorewa da za ta gyara lokaci da kanta. Ga shaida jibge, amma ba wadda za a ce ga sa'ar da ta faru. Na kwafe rajistar na adana, na share ta, na sa sabon batiri, na daidaita agogo. Abu mafi araha da na saya a duk aikin nan shi ne batirin, kuma in ba don shi ba da ban kama bakin zaren matsala ta biyu ba.

Zafi

Na zauna a ɗakin daga sha biyu zuwa uku ina karanta ma'aunai, ɗalibai na gwaji a babban ɗaki. Da ƙarfe biyu iskar da ke shiga sabar ta kai digiri 42. Yawancin sabobi irin wannan an ƙera su ne su sha iskar da ba ta wuce digiri 35 ba, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka kuwa, ASHRAE, shawararta a tsaya tsakanin 18 da 27. Mu a nan, inuwar bishiya ma kan wuce 40 a Afrilu da Mayu, balle ƙarƙashin kwano.

Amma lambar da ta fi yi mini magana ita ce bambancin furosesa biyun. Ta ɗaya na kan digiri 94, ta biyu na kan 79, alhali aiki ɗaya suke rabawa, iska ɗaya suke sha. Zafin ɗaki ba ya zaɓen ɓangare. Idan ɗaya ta fi ɗaya da digiri goma sha biyar, to akwai abin da ke damun ta ita kaɗai. Jerin fankoki ya nuna shi: ta uku tana kan sifiri. Sauran biyar kuwa an kora su iyakar gudunsu don su rufe gurbinta, kukan da ake ji ke nan.

Nauyin da ake kuka da shi daga nan yake fitowa. A cikin kowace furosesa akwai ma'aunin da ke lissafa saura digiri nawa ta kai iyakar da aka yanka mata, wadda a ire-iren waɗannan take kusa da digiri ɗari. Idan ta kusa, sai ta rage wa kanta gudu da gangan don ta rage zafin da take haifarwa. Ba lalacewa ba ce, kare kai ne. Mai amfani ba ya ganin komai sai shafi ya ƙi buɗewa, ya danna ya sake dannawa. In ragewar ba ta isa ba, akwai mataki na ƙarshe inda allo ke yanke wuta gaba ɗaya. A IPMI kowane ma'auni na iya samun iyakoki har shida, uku a sama uku a ƙasa: na gargaɗi, na haɗari, da na inda ba dawowa. Furosesa ta ɗaya ta daɗe tana kai-kawo tsakanin na gargaɗi da na haɗari kowace rana, mai gadin allo na rubutawa, ba mai karantawa.

Bayan an tashi muka kashe, muka fitar da ita barandar gabas muka buɗe. Haƙarƙarin ƙarfen da ke shan zafin furosesa ya toshe da ƙurar hunturu, ta daskare ta zama kamar bargo, har sai da na ɓamɓaro ta da yatsa a dunƙule. Murfin robar da ke tilasta wa iska bi ta kan furosesa da ram babu shi. Malama ta tuna ta gan shi a cikin kabad, wai wanda ya taɓa buɗe sabar ya ce ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai, domin iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi, in ba a tare ta ba sai ta zagaye wurin da aka fi buƙatarta. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuwa ya bushe ya tsattsage kamar ƙanzo.

Na hure ƙurar da bulowa, ina danne kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. A irin busasshiyar iskar nan jikin mutum na tara wutar da ke tartsatsi, wadda ke iya kashe ƙananan kayan allo ba tare da an ga alama ba, don haka na ɗaura igiyar sauke ta a wuyan hannu na maƙala a jikin akwatin. Na goge tsohon mai na sa sabo, na mayar da murfin roba, na sa fankar da na zo da ita a jaka. Muka janye teburin daga bango, muka cire kwalin taga.

Washegari da ƙarfe biyu iskar shiga na kan 39, furosesa biyun na kan 74 da 73. Nauyi ya tafi. Shugaba ya yi ta sa albarka, ni ma na koma Kano da tunanin an gama. A nan na yi kuskure: ƙorafi biyu aka kawo mini, nauyi da ɗaukewa, na ɗauka asalinsu ɗaya. Kwana uku bayan haka Malama ta kira, ta ce, "Malam, ta sake ɗaukewa, kuma yau ko nauyi ba ta yi ba."

Wuta

Kafin in bar garin na bar wata 'yar manhaja tana karanta dukkan ma'aunai kowane minti ɗaya tana adanawa. Da na dawo na fara da lambobin wuta.

Akwatin wutar saba yana karɓar wutar soket, bolt 230 a ƙasarmu, ya mayar da ita bolt 12 mai tafiya sambal. Daga 12 ɗin nan allo ke yanko sauran: 5, da 3.3, da 1.5 ko 1.35 na ram irin DDR3, da kusan bolt ɗaya na furosesa. Kowane layi na da ɗan filin da aka yarda ya motsa, galibi kashi biyar cikin ɗari sama ko ƙasa. Layin 12 ke nan daga 11.4 zuwa 12.6, layin 5 daga 4.75 zuwa 5.25. Abin da na gani a rubuce shi ne 11.9, 12.0, 11.9, har minti na ƙarshe kafin ɗaukewa. Wannan 'yar rawar ba komai ba ce, domin IPMI na ba da karatun ma'auni ne a matakai 256 kacal, don haka a layin 12 mataki guda ya kai kusan 0.06. Zafi ma lafiya. A takarda, sabar ba ta da dalilin mutuwa.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da na manta shi ne, mai leƙo ɗaki sau ɗaya a minti ba zai ga walƙiya ba. Ita kanta mai gadin allo zagaye take yi, ta karanta wannan ta wuce wancan, abin da ya faɗi ya tashi cikin ƙiftawar ido yana iya wuce ta. Amma akwatin wutar saba yana da nasa hankalin. Yana magana da allo ta wata hanya da ake kira PMBus, kuma idan wutar da ke shigo masa ta faɗi ƙasa da abin da zai iya ɗauka, yana riƙe alamar ko da wutar ta dawo. Don haka amsar ba a jerin lambobi take ba, a rajista take. Ga ta kuwa, yanzu da agogo mai gaskiya: wutar shiga ta ɓace, wutar shiga ta dawo, duk a daƙiƙa ɗaya, ƙarfe 2:26 na rana. Na duba baya. Kwana biyun da suka gabata ma akwai irin wannan layi, 2:31 da 2:22, sai dai a ranakun ba a yi zaman rana ba, sabar ba ta da nauyi a kanta, ta tsallake.

Me ke faruwa a harabar nan kullum tsakanin biyu da kwata da biyu da rabi? Na tambayi Malama, ta ce babu komai, lokacin ne dai yara ke dawowa daga salla. Na fita waje na sami Baba mai gadi a gindin dalbejiya yana jan carbi. Na gaishe shi na zauna, na ce, "Baba, bayan an idar da azahar me kake fara yi?"

Ya ce, "In na dawo daga masallaci sai in tayar da sumo, ɗana. Masu alwala sun zuƙe tanki, ga mata na zuwa ɗiba da la'asar."

Na ce, "Da hunturu ma haka kake yi?"

Ya ce, "A'a, da hunturu ɗauri ɗaya da safe ya isa har dare. Zafin nan ne ke shan ruwa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Ai in na danna ta, har ƙwan ofis sai ya yi kamar zai mutu ya dawo."

Watanni yana ganin wannan, ba wanda ya tambaye shi.

Sumon nan, wato famfon burtsatsen, a da janareta ke jan shi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya gagari ƙungiya, sai aka ja waya aka jona shi da inbatar cibiyar, tunda ga rana kyauta. Tunani ne mai kyau a fuska. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana cin abin da ya ɗan haura wat 750 idan ya kama gudu, inbatar kuwa mai kVA biyar ce. Sai dai injin irin wannan, a lokacin da yake yunƙurin tashi daga tsaye, yana fizgar wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci a guje. A wannan ɗan lokaci inbata na kai wa maƙura, wutar da take fitarwa ta durƙusa. Kwamfutocin ɗalibai kowace da batirinta a ciki, ko gezau. Saba ce kaɗai ba ta da abin dogaro, shi ya sa duk zargi ya taru a kanta.

Na sa mitata a soket a yanayin da take riƙe mafi ƙanƙantar lamba, na ce Baba ya danna. Ta kama 148. Ita ma mitar tana da nawa, don haka ainihin ramin ya fi haka zurfi. Na bi wayoyin batir da hannu, na tarar da kan batiri ɗaya ba a ɗaure shi tamau ba lokacin da aka sa sababbi, har ƙarfen ya canza launi. A bolt 48, wat dubu biyar na nufin fiye da amfiya ɗari ke bi ta wayar. Mahaɗar da ta yi sako-sako kaɗan tana iya cinye bolt biyu ta mayar da su zafi, daidai lokacin da inbata ta fi buƙatarsu.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa sabar ba ta jure wa ba? Kowane akwatin wuta na da babban kafasita a ciki, wanda ke riƙe guzurin da zai ci gaba da ciyar da allo na ɗan lokaci in wuta ta yanke, kamar milisakan goma zuwa ashirin a cikakken nauyi, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Zagaye ɗaya na wutarmu mai juyi hamsin a daƙiƙa milisakan ashirin ne, don a ga ƙanƙantar abin. Guzurin kuwa yana ƙarewa da sauri in nauyi ya yi yawa, kuma kafasitan na tsufa da zafi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri goma na raba kwanansa biyu. Wannan akwati ya yi rayuwarsa ta farko a wata ƙasa, ya zo ya ƙara shekaru a ƙarƙashin kwano, kuma shi kaɗai ke ɗauke da kayan da aka tsara biyu su raba, tunda ɗan'uwansa mai fitila ruwan goro ya daɗe da mutuwa. To ka ga inda zafi da wuta suka haɗu. Zafin ne ya gajiyar da akwatin, zafin ne ya sa Baba tayar da famfo da rana, rana kuma ita ce lokacin da saba ta fi aiki.

Na gwada don in tabbatar, ba don in yi ta zato ba. Da yamma, ba ɗalibi ko ɗaya, na ɗora wa sabar aikin gwaji mai nauyi, Baba ya danna famfo, ta ɗauke. Na cire nauyin, ya sake dannawa, ta tsaya. Na zare tsohon akwatin na zura wani lafiyayye da na aro a Kano, na mayar da nauyi, ya danna, ta tsaya, amma rajista ta rubuta gargaɗin faɗuwar wuta. Wato akwatin ya gaji, kuma wutar ma da laifinta. Gyara ɗaya a bar ɗaya, an ɗage ranar ne kawai. Tsohon akwatin ban buɗe shi a gaban yara ba, kuma na gargaɗi Malama kada ta bari kowa ya buɗe. Babban kafasitan nan na riƙe kusan bolt 400, yana iya riƙe su bayan an zare waya.

Abin da aka yi

Mun ɗaure kan batiri, mun sa akwatunan wuta biyu masu lafiya, duka fitilu kore. Mun sayi ƙaramar UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe wuta in ta yanke, irin wadda kullum ita ke sarrafa wutar da take fitarwa daga cikinta, ba wadda sai wuta ta yanke take juyawa ba, muka ɗora saba da na'urar rarraba waya a kanta. Baba ya koma tayar da famfo da hantsi kafin zaman farko, da kuma bayan an tashi. Ƙungiya ta ƙara tanki na biyu don ruwan ya kai la'asar.

Inda muka ja da shugaba shi ne maganar ɗaki. Shi iyakwandishan yake so. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ma injin ne da ita mai fizgar wuta lokacin tashi, kuma abin da za ta ci a wuni ya fi na sabar nesa. Gudun gara za mu yi mu faɗa gidan zago." Silin zai taimaka, amma bangon yamma na bulo ne siriri, yana shan rana daga azahar har magariba.

A harabar akwai wani tsohon soro na ƙasa mai kaurin bango, rufin azara, da ake ajiye tabarmi da kujeru a ciki. Na rataye ma'aunin zafi a can da kuma ɗakin kwano rana guda. Da ƙarfe uku ɗakin kwano na kan 41, soro na kan 33. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali, kafin ya ratsa ta rana ta faɗi, abin da kakanninmu suka sani tun kafin a zo da kwano. Shugaba ya daɗe yana kallon lambobin, ya ce, "Yanzu Injiniya, kayan da jama'a suka tara wa kuɗi, a kai su ɗakin ƙasa? Me zan ce wa 'yan ƙungiya?" Na fahimce shi sarai, ba girman kai ba ne, amana ce a wuyansa. Na ce ya kira biyu daga cikinsu su zo da rana su tsaya a kowane ɗaki minti biyar. Sun zo, sun tsaya, ba a sake gardama ba. Aka yi wa soron daɓen siminti, aka sa raga a taga, aka yi feshin gara, aka ɗora saba da UPS a kan teburin ƙarfe nesa da bango. Nisan wayar zuwa babban ɗaki bai kai mita arba'in ba, iyakar irin wannan waya kuwa mita ɗari ce. Batirin UPS ma ya amfana, domin batirin dalma na saurin mutuwa a zafi.

Digiri 33 ba sanyi ba ne. Yana cikin abin da sabar za ta iya ɗauka, amma ya haura abin da ake so, kuma ratar da ta rage kaɗan ce. Don haka sa ido ya zama dole. Tunda ba intanet da za a dogara da ita ta aiko saƙo, na sa kwamfutar teburin Malama ta riƙa nuna lambobi biyar a kusurwa: iskar shiga, furosesa biyu, layin 12, da yawan sababbin layukan rajista. Iskar shiga in ta kai 35 sai wurin ya koma ruwan ɗorawa, in ta kai 40 ta zauna minti goma sai saba ta ba da sanarwa, ta adana aikin ɗalibai, ta kashe kanta cikin tsari. Na fi son a rasa zama ɗaya da a rasa faifan ajiyar bayanai.

Na kuma saya mata littafi mai layi, tana rubuta lambobin da hannu sau uku a rana, tara da biyu da biyar. Kwamfuta na adanawa, amma abin da mutum ya rubuta da hannunsa shi yake lura da shi. Abin da na fi jaddada mata shi ne ta riƙa ɗebe zafin iskar shiga daga zafin furosesa a zaman rana. Ranar da muka gama gyara ratar na kusa da 35. Yanayi zai hau ya sauka, lambobin biyu su bi shi tare, amma in ratar ce ke buɗewa mako bayan mako, ƙura ce ke taruwa ko fanka ke gajiya, ko da kuwa hunturu ne ana rawar sanyi. Lokacin hunturun ma aka fi yaudaruwa, domin sanyi na ɓoye toshewar har sai bazara ta tone ta.

Makonni shida bayan haka na koma. Littafin ya cika shafi goma sha ɗaya, ba ranar da aka tsallake, mafi girman lambar iskar shiga 34. Rajista ba ta da layin faɗuwar wuta ko ɗaya. Abu biyu ne suka rage a wuyana. Ɗaya daga cikin faifan ajiya huɗun, wanda ya fi kusa da mataccen akwatin wuta, ma'aunin lafiyarsa na SMART na nuna ya fara ƙaurar da wuraren da suka lalace, lambar ta tashi daga 8 zuwa 24 tun zuwana na farko. Na ce a sayi madadinsa a ajiye kafin ya faɗi, ƙungiya ta ce sai an sayar da riɗi. Na biyu rufin soron ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, magini ya yi alkawarin zuwa ya yi yaɓe ya gyara indararo ranar Asabar, Baba kuma ya ce kafin nan shi zai riƙa lulluɓe teburin da leda kowane dare bayan an kashe.